Cocin naka ne amma ko taga baka isa ka canja ba: dokar tsoffin gine-gine a Sikotlan

A Glasgow, daidai inda titin Garscube ya haɗu da titin Maryhill, akwai wani coci na jan dutse mai gajeriyar hasumiya, Queen's Cross sunansa. Charles Rennie Mackintosh ne ya zana shi, an buɗe shi a 1899, kuma shi kaɗai ne cocin da aka taɓa ginawa da zanensa. Inka shiga ciki rufin na katako ne a lanƙwashe, ga manyan ƙarafa sun ratsa daga bango zuwa bango ko ɓoye su ba a yi ba, ga wata taga mai shuɗin gilas da siffar zuciya, sannan ga ɗakin taro a manne da shi. To wai me ya hana wani ya saya ya ɓalle tagar nan ya sa ta alminiyom?

Doka ce ta 1997 kan gine-ginen da aka yiwa rajista saboda muhimmancin tarihinsu ko zanensu. Hukumar Historic Environment Scotland, wadda ta fara aiki a 2015, ita ke riƙe da rajistar, gine-gine wajen dubu 47 ne a ciki, an kasa su aji uku, A da B da C. Ajin A sune na ƙoli kuma basu kai kashi 10 cikin 100 ba, Queen's Cross yana cikinsu. Amma fa kar ajin ya ruɗe ka, kariyar doka iri ɗaya ce ga duka ukun, in dai aikin da zakayi zai taɓa kamannin ginin to sai ka nemi izini a rubuce daga ƙaramar hukuma, kuma ba gaban ginin kaɗai ba, har ciki, matakala, ƙofofi, silin, komai. Neman izinin kyauta ne. Ƙaramin gyara kuwa irin maye abin da ya lalace da irinsa sak, yawanci baya bukatar izini, amma gara ka tambaya tukuna. Wanda yayi gaban kansa laifi ya aikata, a ƙaramar kotu tara na iya kaiwa fam dubu 50 ko wata 6 a gidan yari, in an kai babbar kotu har shekara 2.

Inda abin yake da ɗan sarƙaƙiya shine maganar wuraren ibada. Sashe na 54 na dokar ya ɗage wa ginin da ake ibada a cikinsa wannan neman izinin, wato muddin ana taruwa ana sujada, masu cocin zasu iya matsar da bencina ko su canja mumbari ba sai ƙaramar hukuma ta sa hannu ba, kwamitocin ɗarikarsu ne ke duba aikin ciki. Waje kuma dole su nemi izinin tsara gari kamar kowa. Sassaucin bai haɗa da rushe ginin gaba ɗaya ba, bai kuma haɗa da gidan fasto ba, dokar ta faɗi wannan ƙarara. Ranar da aka daina ibada kuwa sassauci ya ƙare. Queen's Cross tun shekarun 1970 jama'arsa suka tashi, yanzu hedikwatar ƙungiyar masoya ayyukan Mackintosh ce, don haka cikakkiyar dokar ce a kansa. Ni wannan gaɓar tafi min muhimmanci gaskiya, saboda Cocin Sikotlan, wato babbar ɗarikar ƙasar, yana ta sayar da gine-ginensa don masu zuwa sun ragu sosai, kuma lokacin da mai kuɗi ya saya zai raba shi ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya, lokacin ne ginin yafi shiga haɗari.

Shi kuma ɗakin taro mutane na ɗauka ai ƙari ne kawai aka yi, ba haka bane. In a manne yake da cocin to jikin ginin ne. In a ware yake cikin haraba kuma yana wurin tun kafin 1 ga Yuli 1948, rajistar kan haɗa da shi, harda katanga da ƙofar shiga, sai dai in takardar rajistar ta cire shi da suna. Wani lokacin ma yana da tashi rajistar daban, kamar ɗakin taron cocin Ruchill nan kusa, shima Mackintosh ya zana a 1899 kuma aji A ne, alhali cocin dake gefensa wani ne daban ya zana daga baya. Kuma ɗakin taro baya cin sassaucin ibada don kawai na coci ne, ana duba me akeyi a cikinsa.

Nasan masu ƙaramin ƙarfi na kokawa, kuma suna da gaskiyarsu, gyaran rufin dutse da gilas mai launi ba ƙaramin kuɗi bane. Hukumar na bada tallafin gyara amma baya isar kowa. Wanda aka hana izini zai iya ɗaukaka ƙara ga ministocin Sikotlan. Wanda kuma ya bar ginin yana lalacewa da gangan, ƙaramar hukuma na da ikon aiko masa da takardar ya gyara, ko tayi aikin gaggawa da kanta ta turo masa bil, in yaƙi ji har ta saye ginin a hannunsa ko baya so.