Waiwaye: tun yaushe aka fara tonon kusheyin mutanen da?

A Yamai, duk sa'ad da aka tada zancen maido kayan tarihinmu daga Turai, sai ka ji ana magana kamar jiya ɓarnar ta soma. Wasu na cewa masu neman zinariya ne, wasu kuma rashin tsaro. Abin ya girmi dukansu.

Tsibin duwatsun da ke warwatse a Azawak, arewa da Tawa, har zuwa Abzin da Tenere, kusheyi ne na mutanen da suka rayu tun Sahara tana da ruwa da ciyawa. Buzaye na kiran su idebnan. Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai hana fataucin kayan tarihi, a 1991 kuma Abzin da Tenere suka shiga jerin wuraren gado na duniya.

Amma inda lamarin ya juya, yamma ne, a Bura kusa da Tera. An gano maƙabartar a 1975, Boubé Gado na jami'ar Yamai ya haƙa ta a 1983, ya tarar da ɗaruruwan tukwanen binne mamata a kife, wasu da siffar kan mutum ko ta mahayin doki. A 1993 aka baje kolinsu a Paris, cikin nunin kayan tarihin kwarin Kogin Kwara, don duniya ta san darajar kakanninmu. Ta kuwa sani, har da ƴan kasuwa. Ana nan, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Ga mai saye daga waje kaya sun yi araha, manomi kuwa da rani ya tsananta masa, tukunya ɗaya na iya cika masa rumbu. Ba na ganin laifinsa kamar na mai sayen. Abin da ke ci mini rai shi ne, tukunyar da aka fizgo ba tare da an rubuta inda take da abin da ke gefenta ba, labarinta ya tafi ke nan, ko da an maido ta gidan tarihi na Boubou Hama.

Dokar kare gadon al'adu ta zo a 1997, ICOM, majalisar gidajen tarihi ta duniya, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na kayan tarihin da ke cikin haɗarin sata a 2000, lokacin an riga an yashe wurare da yawa. Da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, na'urorin gano ƙarfe suka bazu a arewa, inda kusheyin duwatsu suke a fili, nesa da duk wani mai gadi.