Atisaye da koci a gidan motsa jiki

Atisaye da koci shi ne mutum ya ɗauki mai horarwa ya tsaya a kansa shi kaɗai a gidan motsa jiki, wato jim, galibi na minti 45 zuwa awa ɗaya. A Kaduna akwai irin waɗannan gidaje a unguwanni kamar Barnawa da Unguwar Rimi, wasu kuma kan haɗu da kocinsu da sassafe a Dandalin Murtala. Mata da dama sun fi son koci mace.

Ranar farko ta bayani ce. Koci kan auna nauyi da faɗin ƙugu, ya tambayi abin da ake nema: rage tumbi, ƙarin ƙarfi, ko bin shawarar likita. A nan ne mutane da yawa ke cutar kansu, domin sukan ɓoye hawan jini, ciwon suga ko tsohon ciwon gwiwa saboda kunya. Mai irin wannan larura ya kamata ya fara ganin likita.

Babban abin da ake biyan koci dominsa shi ne idonsa. Mai ɗaga ƙarfe daga ƙasa ba ya ganin bayansa ya lanƙwashe. Koci ne zai ce ya miƙe baya, ya matso da ƙarfen kusa da ƙafa, ya daina riƙe numfashi. Wanda ya iso da wuri ya ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10, ya ajiye waya, ya riƙa rubuta nauyin da ya ɗaga da sau nawa, shi ke cin moriyar kuɗinsa. Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku ba abin tsoro ba ne, amma zafi mai suka a gaɓa ko a ƙirji yana nufin a dakata nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Haɗuwa biyu da koci ba za ta cika wannan ba, sai an haɗa da tafiya ko gudu a sauran ranaku.

Lokacin zafin Maris da Afrilu ana ƙara shan ruwa. Da azumi kuwa, yawanci ana mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki.