Jirgin Ƙasan Abuja zuwa Kaduna Ba na 'Yan China Ba Ne

Har yau a tashar Idu da ta Kubwa ana jin masu cewa jirgin Kaduna na 'yan China ne. Ba haka ba ne. CCECC, kamfanin gine-gine na China, ɗan kwangila ne kawai: ya shimfiɗa layin mai kilomita 186 da rancen bankin Exim na China, aka buɗe shi a 2016. Kamfanin jirgin ƙasa kuwa shi ne mai riƙe da layin, mai tsara lokacin tashi, mai ɗaukar direbobi, kuma shi ake tuhuma in tarago ya kauce hanya. Wannan aikin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, wadda dokar 1955 ta kafa. Jirgin ƙasan cikin garin Abuja mai zuwa filin jirgin sama ma ba nata ba ne, na Hukumar Babban Birnin Tarayya ne.