Sharhin tsofaffin fina-finai

Sharhin tsofaffin fina-finai reshe ne na sharhin fim da ke nazarin fina-finan da aka yi tun daga farkon sinima a 1895 zuwa wajen ƙarshen shekarun 1960. Mai sharhin sabon fim yana gaya wa jama'a ko fim ɗin ya cancanci kuɗin tikitinsu. Aikin mai sharhin tsohon fim ya fi haka nauyi, domin abin da ke gabansa ya bi ta hannuwa da dama kafin ya iso gare shi: an kwafa, an yanke, launi ya koɗe, wani lokaci har murya an sake masa. Saboda haka kafin ya ce uffan kan darakta ko jarumi, sai ya tantance wane kwafi ya kalla. Yawancin kurakuran sababbin masu sharhi daga nan suke tasowa, su ɗora wa darakta laifin da na kwafi ne.

Matasan da suka kafa fannin

Galibi 'yan ƙasa da shekara talatin ne suka raya wannan fanni. Da fim mai magana ya shigo a 1927, kamfanoni suka ɗauki fina-finai marasa murya a matsayin tarkace, ana narka da yawa daga cikinsu don a ciri azurfar da ke jikin zaren, wato faifan da hotunan ke jere a kansa. Henri Langlois bai cika shekara 22 ba lokacin da shi da Georges Franju suka kafa ma'ajiyar Cinémathèque française a birnin Paris a 1936, suna tattara irin waɗannan fina-finai suna haska wa mutane. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ɗakin kallon Langlois ya zama makarantar wasu samari da ba su da wata makarantar fim. Cikinsu akwai François Truffaut, wanda aka haifa a 1932, ya buɗe ƙungiyar kallon fim tun yana ɗan shekara 16.

A 1951 mai sharhin fim André Bazin da abokansa suka kafa mujallar Cahiers du cinéma, nan samarin suka sami wurin rubutu. A watan Janairun 1954 Truffaut, yana ɗan shekara 21, ya fitar da maƙalar da ta caccaki manyan masu shirya fim na Faransa, yana cewa sun mayar da fim bawan marubuta labari. Ra'ayin da shi da Jean-Luc Godard, Éric Rohmer, Jacques Rivette da Claude Chabrol suka tsaya a kai shi ne darakta ne mawallafin fim, kuma ana gane hannunsa idan aka jera fina-finansa aka kalla ɗaya bayan ɗaya. Ta wannan hanya suka ɗaga darajar Alfred Hitchcock da Howard Hawks, waɗanda a lokacin ake wa kallon 'yan kasuwa. Dukkansu biyar daga baya sun zama daraktoci, Truffaut ma ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Cannes na 1959. A Indiya haka darakta Satyajit Ray ya bi, ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kallon fim ta Kalkata a 1947, shekara takwas kafin fim ɗinsa na farko ya fito.

Ra'ayin nasu yana da amfani, amma yana danne haƙƙin mai ɗaukar hoto da mai tacewa da marubuci. A tsofaffin fina-finan Indiya zaluncin ya fi fitowa fili, domin sau da yawa mai tsara kiɗa da mawaƙin da ke rera wa jarumi waƙa a bayan fage su ne ke riƙe da rabin fim ɗin.

Tantance kwafi

Abu na farko shi ne gudun hoto. Tun zuwan murya aka tsayar da hoto 24 a daƙiƙa guda. Kafin nan da hannu ake juya kyamara, galibi tsakanin hoto 16 zuwa 20 da ɗoriya. Fim ɗin da aka ɗauka a kan 16 idan aka haska shi a kan 24, saurinsa ya ƙaru da rabi, sai a ga mutane suna tafiya tsidik-tsidik, fitowar makoki ta koma abin dariya. Ba haka masu kallo na wancan zamani suka gan shi ba. Akwai kuma ƙaramin sauri da ke zuwa daga talabijin: tsarin da Najeriya da Nijar da ƙasashen Turai suka yi amfani da shi hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa, don haka kaset ko faifan da aka yi a wannan tsari yana rage fim mai minti 100 zuwa 96, murya kuma ta ɗan yi sama. Wanda bai san wannan ba sai ya rubuta cewa an yanke minti huɗu.

Na biyu shi ne fasalin allo. Daga 1932 zuwa farkon shekarun 1950 faɗin hoto 1.37 ne a kan tsayi 1. A 1953 wani sabon tsarin ɗauka da haska fim mai suna CinemaScope ya kawo allo mai faɗi, wanda daga baya ya zauna a kan 2.35. Idan aka cusa irin wannan a tsohuwar talabijin mai 1.33, fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton ya tafi, sai ka ga jarumi yana magana da wanda ba ya cikin allo. Talabijin da wayoyin yanzu kuma akasin haka suke yi wa fim mai 1.37: ko su miƙe shi fuskoki su baje, ko su datse sama da ƙasa, kusan kwata na hoton ya ɓace tare da kawuna da ƙafafu. Baƙaƙen sanduna a gefe biyu alama ce ta cewa an bar hoton yadda yake. Ya kamata kuma a kashe tsarin nan na sababbin talabijin da ke ƙirƙiro hotuna tsakanin na asali don motsi ya yi santsi, domin yana mayar da fim tamkar shirin bidiyo.

Na uku shi ne lafiyar zaren kansa. Har zuwa wajen 1951 da sinadarin naitiret ake yin zaren fim, abu mai kama wuta nan take, wanda ko ruwa ba ya kashe shi, in ya tsufa kuma ya yi danƙo sannan ya zama gari. Gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 da ta MGM a 1965 sun cinye fina-finai masu yawa da babu kwafinsu a wani wuri. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa murya sun ɓace gaba ɗaya. Zaren asitet da ya gaji na naitiret ba ya kama wuta haka, amma zafi da laima na sa ya riƙa warin binega, ya ƙanƙance ya lanƙwashe. Zaren fim mai launi na Eastmancolor, wanda ya shigo a 1950, yana koɗewa ya bar ja-ja a ko'ina, domin shuɗi da rawaya ne ke fara tafiya. Duk wanda ya yi sharhi kan "jan launin da darakta ya zaɓa" daga irin wannan kwafi ya yi wa masu karatunsa ƙarya ba da saninsa ba.

Na huɗu shi ne cikar fim ɗin. Metropolis na Fritz Lang, wanda ya fito a Jamus a 1927, an datse shi jim kaɗan bayan fitowarsa, aka yi shekara tamanin ana sukar labarinsa da cewa ba ya haɗuwa. A 2008 aka tsinci kwafi a wani gidan tarihi da ke Buenos Aires a Ajantina, aka mayar da kimanin minti 25, aka nuna shi a 2010.

Kallo da rubutu

Ƙwararru sukan kalli fim aƙalla sau biyu. Kallon farko babu tsayawa babu rubutu. A na biyu ake riƙe biro, a rubuta minti da daƙiƙar duk abin da za a kafa hujja da shi. Akan zaɓi fitowa guda mai minti biyu ko uku a warware ta: ɗauka nawa ke ciki, wato guntayen hoto daga yanka zuwa yanka, ina aka ajiye kyamara, daga ina haske ke zuwa, a kan wace kalma aka yanke zuwa wata fuska, yaushe kiɗa ya shigo, yaushe ya yi shiru. Idan aka raba tsawon fitowar da yawan ɗaukar, an sami matsakaicin tsawon ɗauka guda. A fina-finan Hollywood na 1930 zuwa 1960 yakan kama daƙiƙa 8 zuwa 11, ninki biyu ko fiye na abin da idon ɗan yau ya saba da shi. Wannan shi ne asalin ƙorafin da matasa kan yi cewa tsohon fim yana da sanyin jiki, kuma aikin mai sharhi ne ya nuna abin da ke faruwa cikin waɗannan daƙiƙoƙi.

Sanin dokar zamanin ma wajibi ne. Daga 1934 zuwa 1968 Hollywood na ƙarƙashin ƙa'idar tace fina-finai da ta hana mai laifi ya ci bulus, ta kuma taƙaita abin da za a nuna tsakanin mace da namiji. Ƙarshen labari da ya zo a gurguje, mugu ya mutu ba gaira ba dalili, sau tari umarnin masu tacewa ne.

A rubutun, sai a faɗi shekara da ƙasa da darakta da tsawon kwafin da aka kalla da inda aka same shi. Labarin kada ya wuce sakin layi guda, domin ba da labari daga farko zuwa ƙarshe shi ne ramin da sababbin masu sharhi suka fi faɗawa. Idan fim ɗin an ɗora masa muryar Hausa, dole a faɗa, kuma kada a yanke hukunci kan zance ko wasan jarumi daga gare shi, tunda masu fassarar kan ƙara barkwanci da karin magana da babu su a asali.

A ƙasar Hausa

An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, daga shekarun 1950 kuma 'yan kasuwa Labanawa suka riƙa kawo fina-finan Indiya da suka zama tsofaffin fina-finan da Bahaushe ya fi sani. Darakta ɗan Nijar Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gano zarensa a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fina-finan Hausa na bidiyo da suka fara fitowa a 1990 a kan kaset aka yi su, shi kuwa kaset hotonsa yana raguwa duk lokacin da aka kwafa daga wani, ƙura da zafi kuma suna cin abin da ya saura.