Daga Wace Ƙasa Man Zaitun Ɗinki Ya Fito, Hajiya?

Wata Hajiya a Ƙofar Ƙaura ta miƙo mini kwalbar man zaitun da aka kawo mata tsaraba daga Umara, ta ce, "Malam, wannan na Makka ne, ba irin na kasuwa ba." Na juya kwalbar, sai ga sunan Sifen da ƙananan haruffa. Ga tambayoyin da ta jero mini.

Ashe ba a Makka ake yin sa ba?

A Makka aka saya. Saudiyya na noman zaitun a Al-Jauf can arewa, amma Sifen ce kan gaba a duniya, musamman yankin Andalus, sai su Italiya, Girka, Turkiyya da Tunisiya. Kuma inda aka ɗura mai ba lallai nan aka noma shi ba. Italiya kanta tana sayo na Sifen da Tunisiya ta ɗura. Shi ya sa tun 2009 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta asalin man tatsar farko a jikin kwalba.

To yaya ɗakin gwaji zai san gaskiyar rubutun?

Wanda ya tashi da ruwan rijiyar Daura, in ya kurɓi na Funtuwa zai ji bambanci. Itaciyar zaitun ma abin da ta sha shi take sakawa a 'ya'yanta. Oksijin ɗin da ke cikin ruwa iri-iri ne, akwai mai nauyi akwai marar nauyi, masana na ce musu aisotof. Ruwan saman da ke zuba a bakin teku ya fi ɗaukar mai nauyin, yana raguwa in an nausa cikin ƙasa ko an hau tsauni. Fari kuma yana ƙara kabon mai nauyi a jikin shuka. Na'ura na auna waɗannan, ta auna ɗan burbushin ma'adinan da saiwa ta zuƙo daga ƙasa.

Sai kitsen man kansa. Sinadarin oleyik, wani nau'in kitse da ke cikin man, kan kama daga kashi 55 zuwa 83 cikin ɗari, kuma yakan ragu a wuri mai zafi. Gwajin DNA kuma yana nuna irin zaitun: Picual na Sifen, Koroneiki na Girka, Chemlali na Tunisiya.

Ke nan na'ura za ta faɗi sunan ƙasa kai tsaye?

A'a, nan gizo ke saƙar. Kwatantawa take yi da man da aka riga aka san gonarsa, ta ce wannan ya fi kama da na wuri kaza. Damina ta bana ba ta bara ba ce, don haka dole a riƙa sabunta samfuri duk shekara. In an gauraya man ƙasa uku, lissafi ya dagule. Iri ma yana tafiya: Arbequina na Sifen ne, amma ana shuka shi har Amurka da Ostireliya.

Jabu fa?

Wannan ya fi sauƙin kamawa, kuma a ganina shi ya fi shafar mu a Katsina. Man waken suya da sauran man tsirrai kowanne da tambarin sinadaransa da ba ya ɓuya a ɗakin gwaji. Ba wasa ba ne: a 1981 a Sifen an sayar wa talakawa man masana'anta da sunan man zaitun, kusan mutum 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu.

An ce in aka sa a firji, na gaske yana daskarewa?

Kada ki dogara da wannan, Hajiya. Wani na gaske ba ya daskarewa, wani gaurayayye kuma yana yi. In a nan za ki saya, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ki zaɓi kwalba mai duhu wadda ba ta sha rana a kan tebur ba. In kuɗinsa ya yi kusa da na man gyaɗa, ajiye wa mai shago kayansa.