Kai yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne

Wallahi abin nan yana damuna, da ka ce a kai yaro ya ga likitan ƙwaƙwalwa sai uwa ta zabura ta ce ɗana ba mahaukaci ba ne, a barni da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Alhali da yawa cikin yaran da ake kaiwa ko ƙwaya ɗaya ba a ba su, hira ce kawai.

Ƙaramin yaro bai iya cewa ina cikin damuwa ba. Jikinsa ne ke faɗa, yaro ɗan shekara 8 ya koma fitsarin kwance bayan iyaye sun rabu, ko ciwon ciki kullum da safe lokacin makaranta, mu kuma sai bulala. Shi ya sa masu duba yaron suke miƙa masa takarda da fensir su ce zana gidanku, daga zanen ake jawo maganar a hankali, wa ya sa a tsakiya, wa ya bari a waje.

Kuma ba yaron kaɗai ake zaunarwa ba, har baba da mama, don sau da yawa rigimar manya ce yake ɗauke da ita. Addu'a kam a ci gaba, ba wanda ya hana haɗa biyun.