Taswirar Peutinger da garuruwan da ke kanta

Taswirar Peutinger, ko Tabula Peutingeriana a harshen Latin, ita ce taswirar hanyoyin Daular Rumawa mafi cika da ta kai ga zamaninmu. An zana ta a kan jemammiyar fata mai tsawon kusan mita 6.75, faɗinta kuwa bai wuce santimita 34 ba, don haka a da naɗe ta ake yi kamar tabarma. Wadda ke hannu yanzu kwafi ce da aka yi a wajejen ƙarni na 13 daga wata tsohuwa da ta ɓace. Gutsure 11 suka rage. Ɓangaren yamma ya salwanta, shi ya sa kusan duk Sifaniya ba ta ciki, Birtaniya ma gefenta na kudu maso gabas kaɗai ya tsira.

Sunan ya samo asali daga Konrad Peutinger, wani malami ɗan birnin Augsburg na Jamus, wanda abokinsa Konrad Celtes ya bar wa ita a wasiyya a 1508. Daga baya ta shiga hannun Yarima Eugene na Savoy, yanzu kuma tana ajiye a Ɗakin Karatu na Ƙasa na Ostiriya da ke Viyana. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin rajistar muhimman takardun tarihin duniya a 2007.

Yadda ake karanta ta

Wanda ya saba da taswirar makaranta zai ruɗe. An matse arewa da kudu, an miƙe gabas da yamma, har Bahar Rum ya koma kamar siririn kogi, Italiya kuma ta kwanta a gicciye. Mai zanen bai damu da siffar ƙasa ba. Abin da ya dame shi shi ne tambayar matafiyi: daga nan sai wane zango, kuma mil nawa ne? Hanyoyin jajayen layuka ne masu ƙugiya-ƙugiya. Kowace ƙugiya zango ce, an rubuta sunanta, sai lambar Rumawa da ke nuna nisa zuwa na gaba.

Mil ɗin Rumawa kusan mita 1,480 ne. Amma ba ko'ina aka yi awo da shi ba. A ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau da maƙwabtanta, ana ƙirga leuga, wadda ta kai mil ɗaya da rabi, kimanin kilomita 2.2. A jikin birnin Lugdunum, Liyon ta yanzu, har an rubuta gargaɗi cewa zuwa nan da leuga ake lissafi.

Garuruwa masu daraja suna da ɗan zane: hasumiya biyu, ko gidan bauta, ko gini mai tsakar gida da ruwa a ciki, alamar wurin wanka. Zanukan sun haura 500. Birane uku ne kawai aka ba su siffar mutum zaune a kan karaga, wato Rum da Kustantiniya (Istanbul ta yau) da Antakiya. A can ƙarshen gabas akwai tashar Muziris a gaɓar Indiya da tsibirin Taprobane, Siri Lanka ke nan.

Zamani ya cakuɗe

Taswirar ba hoton shekara ɗaya ba ce. Kustantiniya, wadda aka ƙaddamar a 330, tana ciki, to amma Pompeii da Herculaneum ma suna nan, alhali dutse mai aman wuta na Vesuvius ya binne su tun a shekara ta 79. Wannan ya nuna an riƙa ɗora sabon bayani a kan tsoho ba tare da an goge matattun garuruwa ba. Akwai kuma hannun Kiristoci: a hamadar Sina'i an rubuta cewa nan Bani Isra'ila suka yi ta yawo shekara 40 tare da Annabi Musa. Birnin Ƙudus kuwa da sunan da Rumawa suka laƙaba masa ya fito, Aelia Capitolina, tare da bayanin tsohon sunansa.

Sansanonin kogin Rhine

Inda taswirar ta fi yi wa masu haƙar tarihi rana shi ne bakin iyakar daular, domin yawancin ƙananan sansanonin soja ba su shiga littattafan tarihi ba. Misali mafi kyau shi ne jerin da ke gefen kogin Rhine a ƙasar Holan. Hanyar ta tashi daga bakin teku, daga wata Lugdunum ta daban kusa da Katwijk, ta bi Praetorium Agrippinae, Matilo, Albaniana, Nigrum Pullum, Laurium, Fletio, Levefanum, Carvo, Castra Herculis, ta dire a Noviomagus, Nijmegen ta yau.

Zangunan farko suna kurkusa, tazararsu leuga biyu, uku, biyar, biyu, biyar, kuma lissafin ya yi daidai da abin da aka tono. Praetorium Agrippinae ita ce Valkenburg, inda damshin ƙasa ya adana itatuwan ginin sansanin. Matilo tana cikin Leiden, Albaniana ita ce Alphen, har sunan bai gama sauyawa ba, Laurium kuma Woerden. A Nigrum Pullum, wato Zwammerdam, an haƙo jiragen ruwa shida na katako a farkon shekarun 1970, wasu kwalekwale, wasu manyan jiragen dako masu shimfiɗaɗɗen gindi. Ita kuwa Lugdunum ta bakin teku, an ga kangonta a kan rairayi a ƙarni na 16 lokacin da guguwa ta kwashe yashi, aka zana shi, sannan teku ya haɗiye shi.

Daga Fletio zuwa gaba al'amarin ya rikice. Galibin masana suna ganin Fectio ake nufi, wato Vechten kusa da Utrecht, mai kwafi ne ya yi tuntuɓen alƙalami. Irin wannan kuskure abu ne mai sauƙi: a lambobin Rumawa, V da aka buɗe ƙasanta sai ta zama II, X ɗaya da ta faɗi kuma zango ya matsa da goma. Har yau ana jayayya kan inda Castra Herculis take, wasu na cewa Meinerswijk kusa da Arnhem, wasu na kai ta cikin Nijmegen. Kogin ma ya sauya hanya sau da yawa, ya cinye wasu wuraren.

Rashin suna a taswirar ba hujja ba ce cewa babu gari. Sansanin Traiectum, wanda ke ƙarƙashin tsakiyar Utrecht, ba ya kanta, amma ya fito a Itinerarium Antonini, wani jerin zanguna da nisansu na ƙarni na 3 wanda ba shi da zane. Don haka ake haɗa su biyun da duwatsun alamar mil da ake tsinta a gefen hanyoyi, sannan a koma ga shebur. A 2021 UNESCO ta sanya wannan iyaka ta ƙasan Rhine, daga Jamus zuwa tekun Holan, cikin wuraren tarihi na duniya.